Albasar Kwaɗin Nna

"Ikon Allah! Yaya Badaru, aikin ƙasa fa na kira ka, shi ne ka zo min da shadda har da turare?"

Badaru ya yi dariya, ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya gyara sabon buhun da ya naɗo a hammata.

"Husnata, ai yau ba ranar da mutum zai zo da tsumma ba ce."

Tun da safe da ta kira shi a waya zuciyarsa ba ta zauna ba. Magana ɗaya ta yi masa, "Ka zo da fartanya ka raba min albasar Nna." Daga nan bai ƙara ɗaukar fasinja ba, ya mayar da Keke Napep ɗinsa gida, ya yi wanka, ya tsaya a kasuwa ya sayi buhu.

Duk wanda ya san gidan nan na unguwar Barkin Sale a Minna ya san abin da wannan magana take nufi. Nna, mahaifiyar Husna, ita ta zo da albasar kwaɗin nan daga Bida ranar da aka kawo ta amarya. Ta shuka ta a gindin tagarta, duk damina sai ta fitar da fararen furanni masu ƙamshi. Kuma ba a taɓa tona ta sai in za a aurar da 'ya. Ango ne zai zo da kansa ya raba, ya kai gidansa ya shuka kafin amarya ta iso. Haka mijin Kafayatu, yayar Husna, ya yi. Saura na auta.

Shi ya sa da aka yi ta ɗaga bikin Husna da Badaru, albasar ta yi ta haihuwa a wuri ɗaya, ta cunkushe, ganye ya hau kan ganye, har ta daina fure.

Husna ta kalli shaddar, ta kalli buhun. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Buhun na mene ne?"

"Ji wata tambaya! A aljihu zan kai ta garinmu Kagara?"

Sai ta juya da sauri.

"Bari in kawo ruwa a jiƙa ƙasar."

Shi bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka kunya ce. Ya tuɓe rigar ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe ƙafar wando. Da ta zuba ruwan sai ya fara tono daga nesa da gindin, a hankali, don kada fartanya ta sari albasar. Yana yi yana zuba.

"Na riga na zaɓi wurin. Daidai tagar ɗakinki, rana na samunsa da safe. Sai dai awakin Baba ba su da kunya, dole in kewaye da kara."

Husna ta ƙara zuba ruwa, shi kuma ya ci gaba.

"Baba ma na gaya masa. Kin san bakinsa bai gama sakewa ba tun da jikin ya shanye, amma wallahi sai da ya yi murmushi."

"Har ka gaya masa?"

"To wa zan fara gaya wa?"

Ya sa hannu biyu ya ɗago dunƙulen. Nauyi kamar kan bijimi! Saiwoyi sun sarƙe, ƙanana sun manne a jikin uwar, wasu sun lotse don matsi. Ya zauna a ƙasa yana ɓamɓare su da yatsu, yana ware waɗanda suka ruɓe gefe.

"Kin gani? Ba ciwo ne ya hana ta fure ba, numfashi ta rasa. Miƙo min wuƙa in rage ganyen."

Ta miƙa masa.

"Yaya Badaru..."

"Na'am, amarya."

"Don Allah ka daina kira na haka."

Ya ɗago. Hawaye ya gani suna bin kumatunta, ba ta ko share su.

"Husna! Me ya faru? Jikin Nna ne?"

"Ban yi tunani ba... wallahi ban yi tunani ba sai da na ga buhun nan. Kullum da safe Nna sai ta leƙa taga ta ce ina furenta, wa ya cire mata. Jiya kuka ta yi ta yi, ta ƙi cin abinci. Shi ne na ce a raba a sake shukawa ko za ta yi fure. Shi ke nan fa abin da nake nufi."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"To ai... ba komai. Na yi gaggawa ne. In ba yanzu ba, bayan damina."

Ta girgiza kai.

"Babu bayan damina. Na daɗe ina neman bakin da zan gaya maka."

"Ki gaya min me?"

"Ka tafi Kagara. Ka nemi wadda za ta taya ka riƙe Baba da ƙannenka."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani."

"Mu tafi da Nna! Na ce miki zan ba ta ɗakin da ya fi kowanne."

"Ka manta da muka kai ta Bida gidan Yaya Kafayatu? Kwana nawa ta yi ba ta ci ba? Fita ta yi ba takalmi tana neman tagarta, a tasha aka tsinto ta! Nna ta manta sunan 'ya'yanta, ta manta Babanmu ya rasu. Ni kaɗai take ganewa, ni da gidan nan. In na ɗauke ta daga nan, na kashe ta."

"To ni zan zauna a Minna."

"Wa zai juya Baba a shimfiɗa? Wa zai yi noman? Ƙannenka mata ne, kai kaɗai gare shi."

"Zan riƙa zuwa ina dawowa..."

"A kan hanyar nan mai hatsari? Har yaushe?"

"Zan jira, Husna. Ko shekara nawa ne."

Sai ta durƙusa a gabansa, kukan ya ƙwace mata.

"Me za ka jira? Faɗa min! Ranar da za ka jira ɗin, ranar da babu Nna ce, ko ranar da babu Baba. Rannan ina ba ta kunu na ji zuciyata tana lissafin haka... uwata fa! Na tsani kaina. Ba na so in so ka ta wannan hanyar, masoyina. Ba zan iya ba."

Badaru ya san irin wannan lissafin, ya taɓa zuwa masa a gefen shimfiɗar mahaifinsa, ya yi ta istigfari. Ya sunkuyar da kai.

Can ya ɗauki fartanya.

"Bari in ƙarasa. In saiwar ta sha iska ba za ta kama ba."

Ya sassauta ƙasar, ya gauraya ta da busasshen taki. Ya jera albasar, taƙi guda na hannu tsakanin kowace da 'yar uwarta, wuyan a waje. Husna na biye da shi da buta tana zuba ruwa. Babu mai kallon wani. Wurin da ɗazu yake cike da ganye ya koma fili, 'yan guntaye tsaye a ciki kamar an yi musu aski.

"Za su yi yaushi kamar sun mutu," ya ce, muryarsa a dishe. "Kada ki tsorata, kada kuma ki cika musu ruwa. Ki bar su."

Albasa ta rage da yawa, wurin bai ɗauke ta ba. Yana tattarawa ne zai tura gefe sai suka ji ƙarar ƙofa.

Nna ce ta fito, tana dafa bango, ɗankwalinta a karkace. Ta tsaya tana kallon tonon, ta kalli fartanya, ta kalli saurayin da ƙasa ta ɓata wa hannu, ta kalli sabon buhu a ƙasa.

Husna ta miƙe a firgice.

"Nna, ki yi haƙuri, gyarawa muka..."

Fuskar tsohuwar ta washe, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa!

"Ayyururui! Ango ya zo! Autata za ta tafi ɗaki!"

"Nna, ba haka..."

Badaru ya ɗaga wa Husna hannu a hankali. Ya ƙarasa gaban tsohuwar ya durƙusa.

"Ina wuni, Nna?"

"Lafiya lau, ɗana. Ɗan gidan wa ne kai?"

"Badaru ne, Nna."

"Madalla. Kawo buhun."

Da hannunta ta zaɓa. Ta danna wannan, ta shinshina waccan, manya masu ƙwari kaɗai take jefawa ciki. Abin da ta manta a duniya yana da yawa, amma wannan aikin hannunta bai manta ba.

"Ka shuka yau, kada ta kwana. A gindin taga, inda za ta riƙa gani in ta tashi. Yarinyar nan ba ta faɗin damuwarta, sai ka lura da kanka. Ka ji ko?"

"Na ji, Nna."

"Za ka riƙe min ita?"

Husna ta toshe baki da mayafi, ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na girgiza.

Badaru ya kalli buhun.

"Zan riƙe, Nna. In sha Allah."

"To tashi, kada rana ta faɗi. Ke kuma kukan me kike? Kowa haka ta yi. Zo ki ba ni abinci, yunwa nake ji."

Husna ta juyo da sauri. Tun jiya ake fama da ita ta ci! Ta kama hannun uwarta suka nufi ɗaki. A bakin ƙofa ta waiwayo, idanunta jawur.

Ya ɗaga mata kai, alamar ta shiga.

Ya zare rigarsa daga igiya, bai saka ba. Ya saɓa fartanya, ya rungumi buhun a ƙirji, danshin ƙasar yana ratsa singiletinsa. Har ya kai bakin titi yana jiyo muryar Nna daga cikin gida, tana ta guɗa.