Fis a Aljihun Mamaci

Da hantsi aka tarar da mai gyaran wuta kwance matacce a gindin tsani, a benen da ake ginawa, tafin hannunsa a ƙone. Kafin Sufeto ta iso, 'yan aiki sun riga sun yanke hukunci, kamar yadda jama'a suka saba: ƙanensa ne, wanda suke sana'ar tare, tunda an ji su suna cacar baki da safe. Kofur har ya sa masa ankwa.

Sufeto ta laluba aljihun mamacin, ta zaro fis. Duk mai gyaran wutar da ya san ciwon kansa, in zai taɓa waya sai ya cire fis ya sa a aljihu, don kada wani ya maido da wuta. Ta sauka ƙasa ta buɗe akwatin mita. A gurbin fis ɗin an cusa guntun tsinken walda, wanda ya maido da wutar.

Ta fara da ƙanen.

"Me ya haɗa ku?"

"Makara na yi, Yaya ya yi mini faɗa, na mayar masa da baƙar magana. Ita ce maganarmu ta ƙarshe, ranki ya daɗe."

Ta zazzage jakar aikinsa, sababbin fis suka zubo.

Mai fenti ya ce shi tun safe yana bangon baya, bai leƙa wajen mita ba. Fentin kuwa bai ma bushe ba. Sai mai walda, mijin ƙanwar 'yan'uwan biyu, wanda mamacin ne ya samo masa aikin.

"Ka yi aiki yau?"

"Ina fa, ranki ya daɗe. Babu wuta. Tsinken nan kuma ko'ina watse yake, kowa zai iya tsinta."

"Haka ne. Zo mu zagaya."

A bangon baya ta tsaya ƙarƙashin tagar da aka sa wa ƙarafa. Ɗanyen fentin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, inda tartsatsi ya sauka.

"Fentin nan na yau ne," in ji ta. "Tartsatsin ya zo bayansa. Mai fis cike da jaka ba zai tsaya cusa tsinke ba. Wannan dabarar masu walda ce."

Mai walda ya zauna a kan bulo, ya dafe kai.

"Ƙarfe ɗaya ya rage mini. Na ɗauka ya sauko. Wallahi ban yi niyya ba."

"Na yarda, kuma doka tana bambantawa. Wanda ya ƙudurta kashe mutum, kisan ganganci ya yi, hukuncinsa shi ne mafi tsanani. Kai ba shi ka yi ba. Amma kada ka kira shi tsautsayi. Ka ga gurbin fis babu komai, ka san ma'anarsa, ba ka ɗaga murya ka tambaya ba. Sakaci ne da ya ci rai, kuma laifi ne. Sannan ka tsaya kana kallo aka ɗaure wani a madadinka."

Wannan na ƙarshen ya fi ɓata mata rai, ba ta kuma ɓoye ba.

Kofur ya kwance ankwar. Ƙanen ya bi ta da ido har ta rufe a hannun mijin ƙanwarsa. Bai yi murna ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "wa zai gaya mata?"