Abin da Ya Rage a Tumbin Mai Agogo

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma aka bugo wa ofis waya cewa an tsinci gawar wani tsoho mai gyaran agogo a falonsa. Sufeto na cikin cin abincin rana da ya riga ya huce. Ya rufe kwanon ya miƙe. Tun rasuwar matarsa wata biyar da suka wuce, komai ya sa a baki ɗanɗanon takarda yake yi masa, don haka bai yi asarar komai ba.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Tsohon na kwance kusa da teburin ƙarfe, ƙeyarsa a fashe. Agogon hannunsa ya tsage, ya tsaya a ƙarfe uku da minti goma. A kan teburin akwai faranti biyu da ragowar shinkafa, da wani ɗan akwatin magani mai gida uku: safe, rana, dare. Gidan safe ne kawai babu komai a ciki.

Mutum biyu ke zaune. 'Yar mamacin, malamar makaranta, ta zuba wa bango ido. Sai ƙaninsa, wanda take kira Baffa, abokin aikinsa a shago shekara arba'in.

"Baba, yaushe rabonka da shi?" in ji Sufeto, yana duban ƙanin mamacin.

"Ƙarfe biyu na kawo mana abinci, muka ci tare. Biyu da rabi na koma shago. Lafiya lau na bar Yaya, har tsiya yake mini."

"Akwai shaida?"

"Daga uku saura kwata ina tare da masu karɓar gyara. Mutum uku."

"Ke fa, Malama?"

"Ƙarfe huɗu na shigo, na same shi haka."

Saje, wanda suka zo tare, ya ja Sufeto gefe. Ya ce mai gadin ginin ya rantse ƙarfe uku daidai Malama ta wuce shi, kuma maƙwabta sun ji ta da uban suna cacar baki shekaranjiya.

"Yallaɓai, magana ta ƙare. Agogo ya ce uku da minti goma, ita kuma ta zabga ƙarya."

Saje mutum ne da ke son fayil ya rufu kafin shayi ya huce. Sufeto bai musa ba. Aka tafi da Malama ofis, kuma in ba wani abu ya ɓullo ba, jibi za a gurfanar da ita da laifin kashe ubanta.

Da safe ya sa aka kawo ta ɗakin tambayoyi.

"Me ya sa kika ce huɗu?"

"Uku na shigo. An tashe mu da wuri ne, da sai biyar." Muryarta babu hawa babu sauka. "Na gan shi a ƙasa, na zauna. Ban yi kuka ba, ban kira kowa ba. Da na ɗaga kai awa guda ta wuce. Wa zai yarda da wannan?"

Sufeto ya yarda, don shi ma ya taɓa yin irin wannan zaman a bakin gadon asibiti. Amma yardarsa ba hujja ba ce a gaban alƙali.

"Maganin da ke kan tebur na mene ne?"

"Na narkar da abinci. An yi masa aiki a ciki shekara shida da suka wuce. In ya ci bai sha ba, wuni zai yi a banɗaki. A kansa ma muka yi faɗan, ya ce na mai da shi jariri."

"Yana mantawa?"

"Baba? Mutumin da ke saita agogon mutane? Kafin lomar farko yake haɗiye shi."

Sufeto ya rubuta a littafinsa: ƙwayar rana tana nan.

Likitar da ke binciken gawa mace ce mai son koyarwa, ko da ɗalibin bai nema ba. Ta nuna masa wata kwalba mai ruwa-ruwa a ciki.

"Ga abin da na samu a tumbinsa. Burodi, ƙwai, shayi da madara, sai ɓawon ƙwayar magani da bai gama narkewa ba."

"Shinkafa fa?"

"Ko ƙwara ɗaya. Ka ga, Sufeto, ciki layi yake bi. Tun a baki miyau ke fara farfasa burodi, akwai sinadari a cikinsa da ke mai da shi sukari. A tumbi ruwa mai tsami da wani sinadarin su kama ƙwai da nama. Maiƙo sai ya gangara ƙaramin hanji, inda ruwan maɗaciya da sinadaran wata gaɓa da muke kira fankiriyas ke jiransa. Shi an yanke masa rabin wannan gaɓar, ƙwayar ce ke cike gurbin."

"Awa nawa abinci ke yi a tumbi?"

"Irin wannan, biyu zuwa huɗu ya wuce gaba. Nasa ko ƙwan bai gama sakin jiki ba. Ba zan ba ka minti ba, amma bai kai awa biyu da karyawa ba ya mutu. Kuma bai ci abincin rana ba, ko wa ya ce maka ya ci."

Ƙarfe takwas tsohon ke karyawa. A lokacin Malama na gaban ɗalibai talatin, rajistar makaranta ta tabbatar.

Daga nan Sufeto da Saje suka wuce shagon. Ɗan ƙarami ne, bango cike da agogo, kowanne na bugawa. Kujeru biyu, fitilu biyu. Baffa na zaune a tasa, bai taɓa komai ba.

"Baba, me kuka ci jiya da rana?"

"Shinkafa, na gaya maka."

"Ya sha maganinsa?"

"Ya sha."

Sufeto ya ajiye akwatin maganin a kan teburin aiki, ya buɗe gidan rana. Sannan ya ajiye takardar likita a gefensa.

"Babu shinkafa a cikinsa. Karin kumallo ne kawai. Agogon hannunsa ka iya juya shi, sana'arka ce. Na tumbinsa kuwa ba ka da makullinsa."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙwayar. Ya ɗaga hannayensa, suna rawa.

"Saboda waɗannan ne. Na ɓata agogon wani. Da safe na biya gidan Yaya, sai ya ce in ba shi makullin shago, in zauna a gida. Shekara arba'in yana duba aikina kamar na ɗan koyo. Ya miƙo hannu, na ture shi. Turewa ɗaya."

"Sai kuma?"

"Na zo na buɗe shago. Na gyara agogo biyu. Da rana na sayi abinci na koma, na zuba a faranti biyu, na ci nawa, na ci nasa. Na juya agogonsa zuwa lokacin da zan kasance cikin mutane, na buga shi a ƙasa."

"Ka ci faranti biyu a gefen gawar yayanka?"

"Ban ji ɗanɗanon komai ba."

"'Yarsa ta kwana a kulle a sel."

"Biyar take zuwa, Sufeto. Kullum biyar. Ban yi don ita ba."

"Amma da muka tafi da ita kana tsaye."

Baffa ya miƙe. Ya kashe fitilarsa, ya miƙa hannu ya kashe ta yayansa. Saje ya sa masa ankwa, ya fita da shi.

A ofis aka miƙa wa Malama jakarta da takardar sallama. Da ta ji wanda ya yi, sai ta ce, "Baffa." Tun jiya ba ta sa komai a ciki ba. Sufeto ya aika aka kawo shayi da burodi, ya tura mata, ya zauna da nasa.

Ta gutsuri burodin, hannunta ya kai gefen faranti yana laluben akwatin magani, yadda ta saba tura wa ubanta kafin ya fara ci. Babu komai a wurin. A nan kukan ya zo mata.

Sufeto ya tashi ya rufe ƙofar ofishin, ya dawo ya zauna har ta gama.