Jirgin da Ya Roƙi Zayyanu Mai

Ku matso, ku rage murya. Wannan abu a kan Zayyanu ya faru, wani sojan sama.

A ƙaton jirgin dakon mai yake aiki, irin wanda ke shayar da jiragen yaƙi suna tafe a sararin sama. Can wutsiyar jirgin yake kwanciya rub da ciki, yana leƙe ta gilashi, yana saita bututu zuwa bakin tankin wanda ya matso. Hannu ya ɗan karkace, ƙarfe ya gogi ƙarfe, wuta ta cinye kowa.

Ranar suna bisa hamada, magariba ta kawo kai. Sun sallami jiragen da aka turo su dominsu, saura man komawa gida. Sai ga wani jirgi ya taso ta ƙarƙashinsu. Ba fitila. Ba lamba a jikinsa.

"A taimaka da mai," in ji wata murya.

Zayyanu ya taɓa na'urar kunnensa. Maganar rediyo kullum da shuu take zuwa. Wannan kuwa tas, kamar mai ita na kwance gefensa.

Ya kira matuƙinsu. "Oga Tukur, wa ke bayanmu?"

"Ba kowa. Na'ura ba ta nuna komai ba."

"Ina ganinsa fa."

"Kai, ka sha wani abu ne?"

Hannun Zayyanu ya riga ya sauke bututun. Bai san sa'ad da ya yi ba. Ƙas, bututun ya shige tankin baƙon.

Iska ta jijjiga su. Baƙon jirgin ko gezau. Zayyanu ya ƙura wa matuƙin baƙon ido. Ba hular kwano, ba abin shaƙar iska. Mutumin ya ɗago kai yana murmushi. Idanunsa a tsaye suke tsage.

"Mai na tafiya!" Tukur ya daka tsawa. "Wa kake ba? Cire!"

Zayyanu ya danna maɓalli, bututu ya ƙi fita. Hancin baƙon na ta matsowa, ya kusa taɓa cikin jirginsu.

"Saura kaɗan," in ji muryar. "Da iyali nake tafe."

Harshen Zayyanu ya yi nauyi. Da ƙyar ya kamo Ayatul Kursiyyu. Bai kai tsakiya ba bututun ya fizge. Ya leƙa. Rairayi kawai.

Inji ɗaya ya mutu kafin su taɓa ƙasa. Manya suka tsare Zayyanu, wai ya haɗa baki da wasu an sace mai. Tukur ya daina gaisawa da shi. Sai makanikai suka tarar da ƙullin farin ƙyalle ɗaure a bakin bututun. Ɗanyen dabino ne a ciki, da raɓa a jikinsa. Wa zai yi ɗauri a can sama? Aka sake shi, ba a sake tayar da zancen ba. Dabinon kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa, shi ya binne shi da hannunsa.

Don haka ko sama kuka hau, kada magariba ta riske ku ku kaɗai. Wanda kuma ya roƙe ku bai yi sallama ba, ku fara duban idonsa.