Ranar da Alhaji Na'ibi Ya Kunna Sakhan

Babu wani mahaluƙi a Jidda, daga Balad har Abhur, da ya san sirrin wutar lantarki kamar Alhaji Na'ibi. Shi da bakinsa ya faɗa. Shekara talatin ya yi yana gadin ƙofar wani shagon sayar da firji, ilimin ya shige shi a hankali.

A kan wannan ilimi ya kafa sharaɗin auren 'yarsa Mastura, a shekarar 2006.

"Ba na neman zinari," ya ce wa Rafi'u, saurayin da ke durƙushe a gabansa. "Amma 'yata ba za ta tare a gidan da babu sakhan ba."

Sakhan dai tukunyar ƙarfe ce da ake kafawa a bangon banɗaki, wuta ta dumama ruwan wanka. Watan Agusta ake ciki. Ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene a unguwar Sharafiyya a wannan wata, ko ƙwai aka jefa masa sai ya dahu. Rafi'u ya san haka. Amma direba ne a wani gida a Abhur, ɗan Hausawan Sudan, kuma shekara biyu ke nan yana son Mastura. Ya sunkuyar da kai.

"To, Baba."

Da la'asar Mastura ta kira shi a waya.

"Ka yi haƙuri da Abuya, ya Rafi'u..."

"Ni da ke ne kawai a gidan. Mai lita hamsin ya ishe mu."

"Tamanin ya ce."

"Tamanin! Masallaci za mu buɗe?"

"Kuma ɗan Italiya."

"Ni ma ba ɗan Italiya ba ne, ya karɓe ni."

"Bai gama karɓarka ba tukuna, habibi."

Mai aikin da Rafi'u ya samo sunansa Abdulghani, dattijo mutumin Maraɗi, wanda ya zo Hajji shekara arba'in da suka wuce, har yau yana shirin komawa. Ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin da Rafi'u ya kama haya, ya girgiza kai.

Sayen sakhan, in ji shi, shi ne mai sauƙin. Bangon tsoho ne, sai an sa dogayen ƙusoshi, in ba haka ba wata rana lita tamanin za ta sauko a kan amarya. Wutar ɗakin ɗari da goma ce, ɗan Italiya kuwa ɗari biyu da ashirin yake ci, sai an jawo sabuwar waya tun daga mita. Ga bututu, ga izinin mai gida, ga ladan aiki. Kafin a gama lissafi, kuɗin da Rafi'u ya tara don su yi mako ɗaya a garin Ɗa'ifa bayan biki sun koma bangon banɗaki, farare tas, da ɗan jan fitila a gindinsu.

"Abu ɗaya, yaro," Abdulghani ya ce ranar da ya gama kafa shi, yana tattara kayansa. "Kwana huɗu ba a ba unguwar nan ruwa ba, tankinku a bushe yake. Kada a kunna shi sai tankar ruwa ta zo ya cika. Ka kunna shi babu ruwa, ƙarfen da ke cikinsa ya ƙone. Halas."

Washegari Alhaji ya zo duba aiki. Bai zo shi kaɗai ba, don ilimi ba ya son a nuna shi babu shaidu. Ya taho da aminansa biyu, Usuman da Ɗan'azumi, da fulas ɗin shayi.

Ya shafa sakhan. Ya kara kunnensa a jikinsa. Ya kai hannu ga makunni.

"Baba, mai aikin ya ce..."

"Mai aiki!" Alhaji ya juya ga aminansa. "Ina cikin harkar wuta tun ba a haifi wannan ba."

Ya kunna. Suka shimfiɗa darduma a falo, suka zuba shayi. Ba su kai ga kofi na biyu ba wani ƙauri ya biyo su, sai kuma ƙara, fat! Jan fitilar ta mutu.

Alhaji ya daɗe a tsaye a ƙofar banɗaki.

"Jabu," ya ce. "Jabu ka sayo wa 'yata, ka manna masa takardar Italiya! Wanda zai ha'ince ni a kan tukunya, me zai yi a kan mace? Maganar aure, a bar ta."

Rafi'u ya buɗe baki. Ya dubi Usuman, ya dubi Ɗan'azumi, ya dubi Alhaji da ke tsaye a gabansu. Ya rufe bakinsa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?!" Washegari ke nan, Mastura tana kuka a waya, rabi da Hausa rabi da Larabci. "Shi ya ƙona shi! Kowa ya san babu ruwa a Sharafiyya!"

"A gaban aminansa?"

"To ni zan faɗa masa!"

"Faɗa masa, Mastura. In ya yarda, zai ba ni ke yana kallon ƙasa, kuma ba zai sake shiga gidanmu ba. In bai yarda ba, zai hana ni ke har abada don kada ya kalli ƙasar."

"To ni fa? Ubana ne... kai kuma... ya Allah, Rafi'u, ni ba na ma son ruwan zafi!"

"Na sani, hasken idona. Ba ni kwana biyu."

Ta kife wayar, ta ɗago, ta ga mahaifiyarta, Hajiya Zubaidatu, tsaye a bakin ƙofa da abaya a hannu.

"Share fuskarki. Yalla, raka ni."

Tasi ta sauke su a wani lungu, gaban wani ɗan shago cike da matattun fankoki. Abdulghani ya miƙe da fara'arsa.

"Hajiya! Injin wanki ne kuma?"

Mastura ta dubi uwarta. "Ummi, ai Abuya ne ya gyara injin wanki."



"Da fankar falo," Abdulghani ya ce a hankali, kamar mai karanta sunayen mamata. "Da firji, sau biyu."

"Sau uku," in ji Hajiya. Ta buɗe jakar da take tara kuɗin turaren wutar da take sayarwa. "Sakhan ne, Malam Abdulghani. Na gidan yaron nan."

"An riga ki, Hajiya. Tun da safe ya zo. Ya ce in sauya ƙarfen ranar Alhamis in tanka ta zo, in goge ƙauri, in sassauta waya ɗaya a makunni, wadda ko makaho zai gani. Ya ce kada kowa ya ji."

Hajiya Zubaidatu ta tsaya da jaka a buɗe. 

"Shekara talatin da ɗaya," ta ce, "ni kaɗai nake zuwa shagon nan."

Ta rufe jakar, ta kama hannun 'yarta ta matse shi har ya yi zafi.

"Wannan za ki aura. Ubanki ki bar min shi."

Abin da ta gaya wa Alhaji ba mai yawa ba ne. Ta ce masa tir da a ce abu ya lalace a Jidda, masani yana raye, bai ko duba ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka koma, da aminan, da fulas, har da matan. Alhaji ya sa tabarau. Ya buɗe makunni. Ya ga wayar tana lilo, ya yi murmushin da ya tanada shekara talatin.

"Kun gani? Kun gani! Ku yaran zamani, ido gare ku amma ba kwa kallo."

Ya ɗaure ta. Ya kunna. Bayan rabin sa'a ruwan zafi ya zubo, a cikin zafin da mutane shida ke sharce gumi. Usuman ya yi kabbara.

"Na yafe maka, Rafi'u," Alhaji ya ce. "Ba ha'inci ba ne, jahilci ne. Shi kuwa ana aure da shi. Bayan Sallah, in sha Allahu."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara ilimi."

Mastura ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ita kanta ba ta san ko kuka take yi ko dariya ba.

Alhaji ya fara yi wa aminansa bayanin bambancin ɗari da goma da ɗari biyu da ashirin. Rafi'u ya ce bari ya sayo ƙanƙara. Ta ƙofar da bai gama rufewa ba Mastura ta hango shi a matakala, inda Abdulghani ke zaune a inuwa yana jira. Ya zaro takardun Riyal daga aljihun gaba, ya naɗe su ƙanana, ya sa wa dattijon a tafin hannu kamar masu gaisawa.

Sannan ya sauka neman ƙanƙarar.