Zaren da Ya Riƙe Mana Ummi

"Ajiye bokitin nan, Fiddausi!"

Tun da muka yi aure Yaya Zainu bai taɓa ɗaga mini murya haka ba. Na juyo a firgice, ruwan ya fantsamo mini a zane. Yana tsaye a ƙofar gidan Babana yana haki, ko rigar aikinsa bai cire ba.

"Rabin bokiti ne fa..."

"Ko kofi ne! Me likita ta ce miki?"

"To wa zai yi wa Baba wanka? Gaya mini!"

"Acaɓa kika hau kika zo, ko?"

Na sunkuyar da kai. Ya karɓe bokitin ya dire, ya kamo hannuna.

"Fiddo... sau biyu ina haƙa ƙaramin kabari. Don girman Allah kar ki sa ni na uku."

Hawaye suka ɓalle mini.

Sau biyu ina ɗaukar ciki, duka biyun suna zubewa a wata na biyar. Ba ciwo, ba naƙuda, sai dai in ji nauyi a marata, kafin a kai ni asibiti komai ya ƙare. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu, wasu su ce iska, wasu su ce sammu.

A wannan cikin na uku ne muka haɗu da Dakta Angela. Ta auna ni, ta zaunar da mu, ta yi mana bayani da Hausarta ta Jos wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Madam, ba aljani ba ne. Bakin mahaifa naka ne ba shi da ƙarfi. In yaro ya fara nauyi, sai ya buɗe tun lokaci bai yi ba. Za mu ɗinke shi, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu."

Aka yi mini ɗinkin cikin yana wata uku da 'yan kwanaki. Ta ce ban da ɗaukar kaya, ban da doguwar tsayuwa, ban da acaɓa da hawan tudu. Ta kalli Yaya Zainu ta saman gilashinta ta ce, "Oga, kai ma sai haƙuri har ya haihu." Kunya kamar in nutse.

Duk na ji, na kuma yarda. Amma akwai Baba.

Malam Datti, Babana, ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kuza. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Innata ta riga mu gidan gaskiya, yayana ɗaya tilo yana can Fatakwal. Maƙwabta suna leƙa shi, suna kawo masa abinci, amma wanka da kai shi bayi ba ya yarda kowa ya yi masa sai ni. Ga gidan nasa can saman duwatsun Dutse Uku, inda ko babur iyakarsa gindin dutsen.

Shi kuwa Yaya Zainu, tsakaninsa da Baba gaisuwa ce daga bakin zaure, a durƙushe. Dama can Baba bai so aurenmu ba. Cewa ya yi direban motar madara kullum yana kan hanyar Vom, yaushe zai riƙe masa 'ya?

Ranar na yi wa mijina alkawari ba zan sake hawa dutsen ba. Ban cika ba.

Bayan 'yan kwanaki wata maƙwabciyarsa ta kira ni a waya ta ce Baba ya ƙi cin abinci. Na fita a hankali, ina hawa ina hutawa. Ina ɗaga labule na gan shi a ƙasa, ya zamo daga gado, ya ɓata jikinsa, yana kallon bango.

"Baba!"

"Uwata... kar ki... kar ki ɗaga ni."

Ban ma ji shi ba. Na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa na yunƙura da dukkan ƙarfina. Na mayar da shi gadon. Ina miƙewa na ji nauyin nan da na sani ya sauko mini a mara.

Da na duba, jini.

"Innalillahi... Ya Allah, ba yau ba! Ba wannan ba!"

Matan maƙwabta ne suka sauko da ni a rirriƙe. Yaya Zainu ya same mu a asibiti. Na ɗauka zai yi faɗa. Amma goshina kawai ya dafa yana motsa baki da addu'a.

Dakta Angela ta shafa mini man nan mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar. Na runtse ido. Na san irin shirun da likitoci ke yi kafin su ce sai haƙuri.

"Buɗe ido, Madam. Duba."

Na buɗe. A cikin 'yar talabijin ɗin, cikin baƙi da fari, ga wani ɗan abu yana ɓal-ɓal-ɓal ba tsayawa. Ta murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da sauti kamar ana sukuwa daga nesa.

"Zuciyarsa ke nan."

Sai ga hannu. Ɗan mitsitsin hannu mai yatsu biyar cif, ya ɗago a hankali ya nufi baki.

"Subhanallah..." in ji Yaya Zainu. Ya durƙusa a gefen gadon. "Fiddo, kin gani? Yatsa yake tsotsa! Wallahi yatsa yake tsotsa!"

Sau biyu ina ɗauke da rai a jikina ban taɓa ganin motsinsa da idona ba. Ashe haka Allah yake aikinsa a cikin duhu, yana ƙera farce da haƙarƙari, ni kuwa ina ta yawo da shi a kan duwatsu ban sani ba.

"Ɗinki ya riƙe," in ji Dakta. "Amma bakin ya rage tsawo. Ya ja zaren sosai. In ka sake irin wannan, ni ba ni da wani zare na biyu."

Aka kwantar da ni, aka ɗaga ƙafafun gadon. Kwanakin da na yi a nan, kuka nake yi wa Baba. Duk sanda na tambaya, Yaya Zainu sai ya ce, "Yana lafiya, ki bar mini wannan."

Aka sallame ni na koma gidanmu a Jos Jarawa. Washegari da la'asar aka yi ruwa har da ƙanƙara. Ina kwance a doguwar kujera ina jin tana dukan kwano. Ruwan yana tsagaitawa na ji an turo ƙofa da ƙafa.

Yaya Zainu ne, a duƙe, wandonsa duk taɓo. A bayansa, goye da babban zane kamar jariri, Babana ne. An lulluɓa masa rigar ruwa, hularsa ta karkace.

Na yunƙura zan tashi.

"Kar ki motsa!" suka faɗa a tare.

Na koma na kwanta, bakina a buɗe. Baba, wanda ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba, shi ne ya saƙalo wuyansa da hannunsa mai lafiya.

Sai da ya shimfiɗe shi a ɗakin baƙi, ya canja masa kaya, sannan ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ni.

"Daga saman dutsen ka goyo shi?"

"Mota tana ƙasa. Ba wata hanya."

"Ya aka yi ya yarda?"

Ya yi murmushi. "Tun kina asibiti nake zuwa. Ranar farko da butar alwala ya jefe ni. Ya ce gara ya mutu da suruki ya ga tsiraicinsa."

"Sai ka ce me?"

"Na ce, Baba, in ban yi ba Fiddausi za ta zo ta yi, jikanka kuma ya tafi. Zaɓi ɗaya. Can ya ce, to rufe idonka."

"Ka rufe?"

"Na rufe mana. Har sabulu na sa masa a hanci."

Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta. Na riƙe fuskarsa da hannu biyu ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

"Rabin raina... wai kai wane irin mutum ne?"

"Direban madara," ya ce.

Haka gidanmu ya koma na majinyata biyu. Ya roƙi ogansa aka mayar da shi aikin asuba. Ya je Vom ya ɗauko madara ya rarraba, kafin azahar ya dawo. Ya yi wa Baba wanka, ya ɗebo ruwa, ya ɗora tukunya. Gwatensa na farko ko kaji sun ƙi ci.

Zaman bai zo mini da sauƙi ba. Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, sai ga ni ina kallon tsintsiya ba halin in taɓa. Wata rana haushi ya sa na yi masa tsawa a kan ya bar kwanuka.

"Na gaji! Na zama kaya a gidan nan!"

Baba ne ya amsa daga tabarmarsa, da harshensa mai nauyi. "Uwata... aiki kike yi. Naki ya fi... na kowa."

Da muka koma awo, Dakta Angela ta ce kwanciya dindindin ma ba ta da kyau, jini yana iya daskarewa a ƙafa. Ta yarda in riƙa takawa a hankali a tsakar gida, in yi salla a zaune, in yi ɗan aikin hannu ba tare da tsayuwa ba. In na ji nauyi ko ɗaurewar ciki, in kwanta ta gefen hagu. In na ga jini ko ruwa, a kawo ni nan take.

Sai na riƙa fere dankali a zaune, Baba yana ba ni labarin ramin kuza. Da yamma Yaya Zainu ya riƙe hannuna mu zagaya tsakar gida kamar tsofaffi. Wani lokacin ya kwantar da kunnensa a cikina, a shure shi, ya ɗago yana zare ido.

"Kin ji? Da ƙarfi fa!"

Muka wuce wata na biyar. Na shida ya zo ya wuce. Kowace safiya in farka in shafa cikina in ji yana nan, sai in rasa kalmar godiya.

Da cikin ya shiga wata tara aka cire ɗinkin. Dakta ta ɗago shi da ɗan almakashinta ta nuna mana. Wani ɗan guntun zare, bai kai tsawon yatsana ba.

"Wannan ne?" na ce. "Wannan ne kawai?"

"Shi ne."

Na daɗe ina kallonsa. Tsigar jikina ta tashi. Duk nauyin nan, duk shure-shuren nan, a kan wannan ɗan abin Allah ya rataye su.

Ba a jima ba naƙuda ta zo, wata Talata da hantsi. Na sha wuya, na kira Innata, na kira sunan Allah. Sai na ji kuka. Kuka mai ƙarfi, mai faɗa, ya cika ɗakin.

"Mace ne!" in ji Dakta Angela tana dariya. "Ka ji murya!"

Aka ɗora mini ita a ƙirji, da ɗuminta, da gashinta a jiƙe. Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni. Daga waje ina jiyo Yaya Zainu yana ta kabbara, nas tana ce masa, "Oga, asibiti ne fa!"

Da muka dawo gida ya ɗauke ta ya kai wa Baba, ya durƙusa, ya tallafe ta a kan hannun Baba mai lafiya.

"Baba, kai za ka yi mata huɗuba. Mun yi shawara da Fiddausi, sunan Inna za a sa, matarka."

Baba ya daɗe yana kallon jaririyar. Ya girgiza kai.

"A'a."

Muka kalli juna.

"Zainu... mahaifiyarka... ya sunanta?"

Yaya Zainu ya ɗago kai. "Binta, Baba. Ta rasu ina ɗan firamare."

"To kafin ta tafi... ta gama aikinta." Ya numfasa. "Matar da ta haifi... wannan yaron... ita nake so a riƙa kira... a gidan nan."

Ya matso da bakinsa kunnenta, ya yi kiran salla a hankali, kalma-kalma, harshensa yana sarƙewa yana sake kamawa. Sannan ya ce, "Binta."

Mijina, da bai yi kuka a gabana ba ko ranar da ya binne 'ya'yanmu, ya kifa kansa a gwiwar Baba ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya sunkuya ya jingina goshinsa a kansa.

Da ƙyar Yaya Zainu ya ɗago, ya karɓi jaririyar, ya rungume ta a ƙirjinsa.

"Ummi..." ya ce. "Ummina, sannu da dawowa."