Manomi da Tsohuwar Bindigar Iska

A can wani zamani, an yi wani manomi da tsuntsaye suka addabi gonar shinkafarsa. Ba shi da abin korarsu sai wata tsohuwar bindigar iska da ya gada wurin mahaifinsa. Ya ɗana ta, ya sa harsashin dalma, ya harba. Sai ta ce "fus", dalmar ta faɗi a gaban ƙafarsa.

Wansa, wanda gonarsa ke kusa da tasa, ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kai wa matarka ta yi muciya da ita!"

Manomi ya ce, "Yaya, ba mutuwa ta yi ba, ciwo take yi."

Ya goge tsatsar bututun tas. Ya harba, ta ce "fus". Ya kwance ta a hankali, ya wanke sifirin ɗin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, da kananzir. Ya harba, ta ce "fus". Tsuntsaye kuwa sai cin shinkafa suke yi.

Bai jefar da ita ba. Ya sake kwancewa, yana duba kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga 'yar fatar da ke tura iska. Ashe ta bushe ta tsage, iska na zurarewa ta gefe. Ya yanko fata daga tsohon takalminsa, ya jiƙa ta da mai har ta yi laushi, ya ɗaura.

Ya harba. "Tau!" Tsuntsaye suka tashi buu, suka sauka a gonar wansa.

Da la'asar sai ga wan nasa a ƙofar gida yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ƙanena, don Allah ara mini muciyar nan."