Katangar da Aka Ɗora Kan Rijiya

Kar a tambaye ni gidan waye. A gidan dai akwai Baba da Mama da 'yarsu Auta.

Da magariba abin ya fara. Mama na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano, tim! Tsit. Can wani ya sake faɗowa. Baba ya ce aikin Baffa ne, ƙaninsa, don sun jima suna rigima kan katangar da Baba ya ja a bakin gonar gado da ke bayan gidan. Baffa ya ce an shiga masa gona. Lauyan Baba ya ce masa, "Ku zauna sulhu. Amma kafin nan ko bulo ɗaya kar ka cire. Ka rushe, ka sallama filin ke nan."

Sai Auta ta daina cin abinci. Rana na faɗuwa za ta je jikin katangar ta yi ta tonon siminti da farce, har jini.

Ranar sulhu, lauya da Baffa na zaune a tsakar gida, sai Auta ta yanke jiki ta faɗi. Aka ɗauko malam a guje. Ya jima yana karatu. Ko kaza ba ta motsa ba. Can bakin Auta ya buɗe, amma muryar wata tsohuwa ce.

"Kun rufe min ɗa."

"Wane ɗa?" in ji malam.

"Tsohuwar rijiyar da magininku ya toshe da kankare ya ɗora katanga. Yana ciki. Ina jin kukansa."

"Saki yarinyar tukuna."

"A buɗe tukuna. In ɗauki nawa, in bar muku taku."

Mama ta riƙe ƙafar Baba. "Baban Auta, jikinta ya yi sanyi fa!"

Lauya ya ce, "Maigida, ka dai san abin da na..."

"To Baffa ya ɗauki filin mana!" Baba ya sungumi guduma ya nufi katangar, kowa ya bi shi. Bugu biyu ya yi, ta suɓuce masa.

Baffa ya tsince ta. "Yaya, wa ke ta fili? Matsa, ko ƙusa ba ka iya bugawa ba."

Da kankaren ya tsage, wata iska mai sanyi ta taso daga ramin ta wuce ta kansu. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce ƙishirwa take ji.

A tsaye lauya ya rubuta sulhun: rijiyar ba ta Baba ba ce, ba ta Baffa ba ce. Su biyun ba wanda ya tambaya ko ta waye ce.